Hannun Da Ka Sa A Takardar Likita

Ɗana,

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya, ya gafarta mata, ya sa jinyar da ta sha ta zame mata kaffara, ya yalwata makwancinta. Kai ka rasa mahaifiya, ni na rasa wadda ta goye ni tun ita ma ba ta gama girma ba. Gaisuwar nan ta cikin gida ce, da mai yi da wanda ake yi wa duk rashi ɗaya ya same su.

Wurin zaman makoki ba a samun sararin doguwar magana. Wannan ya shigo, wancan ya tashi, a shafa fatiha, a gyara tabarma ga baƙin da suka zo daga Mayahi da Korgom. Duk da haka kunnena ya ji abin da naka ya ji. Akwai wanda ya sassauta murya, amma yadda maganar za ta iso gare ka, ya ce daji ba ya son ƙarfe, da an bar baiwar Allah da ƙafarta da yanzu tana nan tana harkokinta. Na ga yadda ka sunkuyar da kai. Daga baya ƙanwarka ta shaida mini ba ka barci, abinci ma sai an matsa maka, kuma maganarka ɗaya ce: kai ka sa hannu a takardar da ta ba likita izinin yi mata aiki.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Aikin da aka yi wa mahaifiyarka ba shi ya kashe ta ba. Da na ga akwai laifi a ciki, da na yi shiru na bar ka da addu'a kawai. Na zauna da likitan da ya yi aikin na tambaye shi har na gamsu, na kuma bi abin da masana suka tabbatar game da wannan ciwo. Ka ba ni hankalinka.

Sunan ciwon a bakin likitoci melanoma. Wani nau'i ne na sankarar fata, yana tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fatar mutum launinta. A wajen Turawa, musamman na Ostareliya da Niyu Zilan inda ya fi yawa a duniya, rana ce babban sanadinsa, kuma yakan fito a baya ko a fuska ko a ƙwauri, inda ido ke gani. Mu baƙar fata Allah ya yi mana garkuwa daga wannan, shi ya sa bai cika kama mu ba. In ya tashi kama mu kuwa, sai ya nufi inda baƙin bai kai ba: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan nau'in ba ruwansa da rana. Yaya ba ta taka komai ba, ba kuma wanda ya yi mata sammu.

To, ka dubi tafin ƙafar macen karkara a ƙasarmu. Tun daga shuka har girbi yana cikin yashi da ƙarangiya. Hunturu na kamawa faso ya tsattsaga dunduniya, ƙura ta shige ta zauna. Ƙaya ta karye a ciki ta bar baƙin tabo, ba wanda ya taɓa zuwa asibiti don wannan. Ga lalle kuma. Ka san Yaya da ƙunshi. Ko ba biki ko ba salla ƙafarta ba ta rabuwa da shi, har ya yi baƙi ƙirin. Ɗan ɗigo a cikin wannan duka, wanda ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hana zuwa rijiya, wa zai gan shi? In ma an gani, wa zai kawo mutuwa a ransa? Kana cewa da ba ka tafi ci-rani Agadas ba da ka lura. Waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da ita ba su lura ba. Ita mai ƙafar ma sai da ya fashe ya fara tsattsafo da jini ta san da shi, ta kuma ɗauke shi gyambo kamar yadda kowa zai ɗauka.

Kada ka ce don muna talakawan ƙauye ne ciwon ya ruɗe mu. Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika da har gobe samari ke sa riga mai hotonsa, a 1977 baƙin tabo ya fito masa a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa. Da yake ma'abocin ƙwallo ne, sai aka ɗauka rauni ya ji a fili. Da aka gane melanoma ce, likitoci suka ba shi shawarar a cire yatsan, bai yarda ba saboda aƙidarsa, aka tsaya ga cire farcen da naman ƙarƙashinsa, aka rufe wurin da fatar cinyarsa. Ciwon ya bi jiki har huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu a Miyami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Ko da ya yarda zai rayu ko ba zai rayu ba, wannan sanin Allah ne. Na kawo shi ne don ka ga mutum mai dukiya, mai likitocin Ingila da Amurka a hannu, shi ma da sunan rauni ciwon ya shigo masa.

Abin da ya fi komai nauyi a wannan ciwo shi ne zurfinsa ranar da aka gano shi. Wani likitan Amurka mai suna Alexander Breslow ya nuna haka a 1970, kuma har yau da ma'auninsa ake aiki ko'ina. In kaurin tabon bai kai milimita 1 ba aka yanke shi, mafi yawan mutane sun rabu da shi ke nan. In ya wuce milimita 4, ya kuma fashe ya zama miki, to akwai babban zato ƙwayoyinsa sun riga sun bi hanyoyin jiki sun yi gaba. Takardar sakamakon naman da aka aika Yamai tana hannunka, ka san nata ya wuce haka nesa ba kusa ba. Kai manomi ne ɗan manomi. Ranar da ka ga furen ƙuduji a gona, ba ranar ya fara shan hatsi ba, ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa maƙale da saiwa. Wanda ya tuge shi ranar bai jawo wa gonar komai ba.

Akwai ma shaidar da ta fi wannan. Tun kafin wuƙa ta taɓa ta, akwai kaluluwa a gindin cinyarta, mai tauri, ba ta zafi kuma ba ta sauka. Kai ba za ta gaya maka ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ƙanwarka ta nuna wa. Ma'aikacin asibitin Tasawa da ya duba ta, yana laluba wurin ya daina maganar wankin miki, ya rubuta muku takardar Maraɗi. Sa'ad da kuka kama hanyar nan ta Gazawa da Agye da Cadawa, wajen kilomita 120, ƙafarta a kan cinyarka kana tare ta daga kayan mutane, ciwon ya riga ya bar ƙafa ya hau sama.

Na san inda maganar ƙarfe ta samo asali, kuma ba na raina masu yinta, abin da idonsu ya gani suke faɗa. A wajenmu ba a kai mai daji asibiti sai an gama da sassaƙe da saiwoyi da tsagar wanzami, sai ciwo ya ci ƙarfinsa. A yi aiki, bayan wata shida ko shekara a yi jana'iza, sai a ɗora laifin kan abin da aka yi na ƙarshe. Wanda aka cire masa da wuri kuwa ya koma gonarsa, ba mai tuna an taɓa yi masa aiki, ba a kuma ba da labarinsa a wurin makoki. Har yau, da asibitin Faransa da na Maraɗi, magani na farko kuma mafi ƙarfi ga melanoma shi ne a yanke ta.

Akwai abin da na san ya tsaya maka a rai, don na ga fuskarka ranar da ka fara ganin ƙafar bayan aikin. Mikin da ka kai ta da shi ƙarami ne, wurin da aka yanke kuwa ya ninninka shi. Ka fito waje ka jingina da bango ka ce sun ɓata mata ƙafa. Ƙa'idar aikin ke nan, ɗana. Likita ba ya yanka a bakin miki. Yakan sa alƙalami ya zana da'ira, ya bar tazarar santimita 2 ta kowane gefe, wajen faɗin babban yatsanka, ya kuma nutsa ƙasa sosai, don ƙwayoyin ciwon sukan ɓuya cikin fatar da ido ke gani lafiyayya. Da ya ji tausayi ya rage, da a nan zai sake tsirowa. Kai shaida ne bai sake tsirowa a ƙafar ba har ta koma ga Allah.

Rami irin wannan ba ya ɗinkuwa, don fatar tafin ƙafa ba ta jawuwa. Sai an yi dashe. Inda ciwon ya ci tsakiyar dunduniya, wurin da nauyin mutum ke sauka, likitoci sukan juyo fata da naman ƙarƙashinta tare da jijiyar jininsu daga kwarin tafin ƙafa, wajen nan da ba ya taɓa ƙasa, ko kuma daga sha-raɓa. Nata ya faɗo gefe, shi ya sa fatar cinya ta wadatar. Suka fero fata siririya daga saman cinyarta, suka yi mata ƙananan tsage don ruwa ya samu hanyar fita, suka shimfiɗa a wurin, suka ɗaure tam. Kwana biyar ba a taɓa ba, ba ta kuma sauke ƙafar ƙasa ba, domin a kwanakin nan ne jini ke kama sabuwar fatar, in ta zame kuwa ta mutu. Ka tuna yadda ta riƙa cewa ƙafar ba ta dame ta ba, cinyar ce ke mata raɗaɗi? Haka yake ga yawancin mutane, wurin da aka ɗebo ya fi wurin da aka dasa zafi, kuma cikin mako biyu zuwa uku yake warkewa da kansa. Da safen da aka kwance, ma'aikaciyar ta riƙa jiƙa audugar ƙarshe da ruwa tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, mu duka mun yi cirko-cirko. Ta leƙa, ta ɗago ta ce ya kama. Yaya ba ta ce komai ba, ta dai ɗaga tafukanta biyu sama, sa'an nan ta shafa.

Kaluluwar ma an cire ta da ƴan'uwanta. Wannan ne ya jawo kumburin ƙafar da ka yi ta tambaya a kai. Hanyoyin da ruwan jiki ke bi ya koma sama ne aka yanke, sai ya riƙa taruwa, da yamma ƙafar ta yi nauyi sai an ɗora ta kan matashi. Likitan ya faɗa mana haka tun kafin aikin. Ya kuma faɗa mana, ni da kai muna tsaye, cewa ba ya alkawarin warkewa, abin da zai iya shi ne ya raba ta da mikin, sauran kuma a bar wa Allah. Ba a ɓoye maka komai ba, kai ma ba ka ɓoye wa kowa ba. Ita kanta an tambaye ta, ta ce a yi.

Masu cewa da an bar ta, su tuna da halin da take ciki a lokacin. Ni ban manta ba. Tsumma ya jiƙe a canza, kafin la'asar ya sake jiƙewa. Ga ƙudaje. Ga warin da ya sa ta daina shiga cikin mata, ta koma cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki don kada ta ɓata wa jikoki ci. Matar da ba a suna ko biki a unguwa ba ita ce kan tukunya ba! Alwala ta zame mata tashin hankali, kullum tana shakkar tsarkin tufafinta. Da an bar shi kuwa ba tsayawa zai yi ba, zai ci gaba da girma yana zubar da jini, kaluluwar ma tana iya fashewa ta zama miki na biyu. Da wannan ake so a bar ta?

Bayan aikin ta ga damina, ta ga kaka, ta ga wata daminar. Ta taka ƙafarta, da sanda da farko, daga baya da takalmin soson nan da ka sa aka yi wa shimfiɗa mai laushi a ciki. Ta yi salla a tsaye. Ta zauna cikin mata ranar sunan ɗiyarka, ta karɓi jaririyar ba tare da tana ɓoye ƙafa cikin zane ba. Ta koma saƙar tabarma da kabar da ake kawo mata daga wajen Mayahi, har tana gardamar farashi da dillaliya. Bayan ikon Allah, san nomanka da ka kai kasuwa da guminka na Agadas su suka sama mata waɗannan watanni. Da tari ya zo, idanu suka yi ɗorawa, hoto ya nuna ciwon a huhu da hanta, wancan ne da ya riga ya yi gaba tun ba a san da shi ba.

Saura maganar da ka yi mini a waya, cewa da muna da kuɗi da an fitar da ita waje. A nan ba zan ɓoye maka ba, abin yana ci mini rai ni ma. Tun daga 2011 aka fara samun wasu magunguna na ƙarin ruwa da ke tayar da garkuwar jikin mutum ta yaƙi melanoma da kanta. Masana biyu da suka buɗe wannan hanya, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, sun samu kyautar Nobel a 2018. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda cibiyarsa ta taimaka wajen raba ƙauyukanmu da kurkunu, ciwon ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90. Aka yi masa aiki, aka yi masa gashin daji, aka ba shi irin wannan magani, ya rayu har ƙarshen 2024, sai da ya cika shekara 100. Kuɗin maganin na shekara guda a can ya haura dalar Amurka dubu 100. Ko danginmu kaf sun sayar da gonakinsu ba su kama ƙafarsa. Tsohuwar Tasawa da tsohon shugaban ƙasa ciwo ɗaya ya kama su, gata ya bambanta; wannan abu ne mai ɗaci, amma ba a wuyanka yake ba. Ka kuma sani, nau'in tafin ƙafa bai cika jin maganin nan kamar nau'in da rana ke jawowa ba, da yawa an ba su bai yi musu aiki ba. Na'urar gashin daji da aka fara aiki da ita a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai a 2021 babban ci gaba ce ga ƙasarmu, ta hutar da marasa lafiya da dama daga tafiya ƙasashen waje, sai dai melanoma na cikin ciwukan da ba su cika jin gashi ba. Da ka ɗauke ta a halin da take ciki a ƙarshe ka yi tafiyar kusan kilomita 800 da ita, da wahala kawai ka ƙara mata, wataƙila ma ta cika a hannun baƙi. Ga shi ta cika a ɗakinta, ƴaƴanta na kewaye da ita ana laƙƙana mata kalmar shahada.

Malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya warware tawakkali, umarni ne ma. Kai sababi ka riƙe, ajali kuwa ba ya hannunka, ba ya hannun likita. An kuma hore mu da kada mu buɗe wa kanmu ƙofar "da an yi kaza". In kuka ya zo maka ka yi, ba ragwanta ba ce. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka haɗa zafin rashi da tuhumar kai. Zafin rashi dole ne, kuma yana sauƙi a hankali. Tuhumar kuwa ɗora maka ita aka yi, ka sauke.

Kai ɗan fari ne, ka san abin da hakan ke nufi a gidanmu. Ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa yabonka a gabanka ba, in ka shigo da tsaraba ma sai ta kau da kai ta ce a ajiye can. Wataƙila shi ya sa kake ganin ta tafi ba ka san abin da ke ranta game da kai ba. Ni ƙaninta ne, ba ta jin kunyata. A watan azumin da ya wuce ina zaune bakin gadonta, ta miƙo ƙafar ta nuna mini wurin dashen, ya yi sumul, launinsa ya ɗan bambanta da sauran. Ta shafa shi, ta ce yaron nan ya sayar da sansa saboda wannan, ya kwana ƙasa a barandar asibiti sauro na cinsa, ita kam ta yafe masa duniya da lahira, kuma in na ga ya shiga damuwa bayanta in gaya masa. Saƙon ke nan, na isar.

Masu maganar ƙarfe kada ka yi faɗa da su, galibinsu masoyanta ne. Amma kada ka bar maganar ta zauna da gindinta, don yanzu haka akwai wata mata a Maijirgi ko Urafan mai baƙin tabo a ƙafa, in ta ji an ce aiki ne ya kashe Yaya za ta ja zane ta rufe. In an yi zancen a gabanka, ka faɗi abin da ka gani da idonka, yadda take kafin aikin da yadda ta koma bayansa. Ka kuma gaya wa ƙannenka mata, in lalle ya koɗe kafin a sake ƙunshi, su riƙa duba tafin ƙafarsu da na tsofaffin gidajen da suke aure. Tabon da ke ƙara faɗi, ko bakinsa ba daidai ba, ko launinsa ya rarrabu, da baƙin layi a farce da ke ƙara kauri, da mikin da ya yi wata guda bai kama hanyar warkewa ba, a kai asibiti tun abin yana ƙarami, kada a fara sa masa reza.

Sai maganar auta. Ita ta yi wankin mikin nan tun farko, ita ta kwana da ita har daren ƙarshe, kuma na ji tana tsoron ko ta ɗauka. Ka zaunar da ita ka gaya mata ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko ta taɓawa ko ta cin abinci tare. Kowa kai yake yi wa gaisuwa don kai ne babba, ita ba mai tambayarta yadda ta kwana. Kada ka yi saurin komawa Agadas ka bar ta a ɗakin nan ita kaɗai. Maiɗakina ta ce a kawo ta wajenmu ta yi ko wata biyu ne.

Bashin magani da ya rage kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Ni da ƙaramin kawunka mun yi magana, za mu raba shi uku in an sayar da wake. Gonarta ta bakin hanya kada a taɓa ta sai an zauna an yi rabo yadda shari'a ta ce. Zan zo kafin sadakar arba'in, in Allah ya yarda, mu tsara wannan tare. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina ƙara ba shi haƙuri. Ka gaida iyalinka da yara.

Naka,
Kawu